Kar ku ɗaga shi: yadda na koyi taimakon gaggawa a Mile 12

Ni dai sana'ata kayan gwari ce, tumatur da tattasai da attaruhu, shekara goma sha ɗaya kenan ina kasuwar Mile 12 nan Legas, daga Danja maigidana ya taho da ni tun ko gemu ban fara ba. Ban yi karatun asibiti ba, sakandare ma a aji uku na tsaya. Na fara da wannan ne saboda kar wani ya karanta yace ai wannan harka sai 'yan boko, wallahi ba haka bane, hannu biyu da natsuwa take buƙata sai kuma wanda zai nuna maka.

Abin ya faro ne wata asuba a watan Fabrairun 2023, lokacin da ake cikin wahalar takardar kuɗi ɗin nan da aka canja naira. Tirela ta iso daga gida cike da kwanduna ana saukewa, akwai wani yaro ɗan garinmu da ke dako, bai fi shekara goma sha tara ba, kawu yake ce min duk da ba mu haɗa jini ba. Yana can saman kaya yana miƙo kwando sai katakon da ya taka ya goce, ya faɗo ta baya, ƙeyarsa da wuyansa suka daki bakin kwata. Muka yo kansa da salati. Wani ya fasa masa fiya wata a fuska, wani ya yanka albasa yana kanga masa a hanci, wani na fifita da kwali, kowa na faɗin tasa. Ni da idona na ga yana jan ƙafarsa ta dama yana miƙewa, ya buɗe ido yace kawu wuyana. Sai muka ce a kai shi asibiti, a kai shi asibiti. Ni na kama shi ta hammata, mutum biyu suka kama ƙafafu, kansa na reto haka muka ruga da shi cikin taɓo muka lanƙwasa shi cikin keke napep, nima na shiga na ɗora shi a cinya, duk ramin da muka faɗa sai kan ya girgiza.

Ƙaramin asibitin kuɗi da muka fara zuwa suka ce sai an ajiye wani abu tukunna, ga babu tsabar kuɗi a hannun kowa, tiransifa kuma taƙi tafiya, mun fi minti arba'in a tsaye muna ta dannawa. Daga ƙarshe ma suka ce ba aikinsu bane a wuce asibitin ƙashi na Igbobi. Can ne bayan an ɗau hoto wani likita ya kira mu gefe, ya tambaya ta bakin wani da ke mana tafinta, yace da ya faɗo yana motsa ƙafa? Nace eh. Yace ya kuka ɗauko shi? Na kwatanta masa da hannu. Bai zage mu ba, bai ɗaga murya ba, shiru kawai yayi ya kalli ƙasa sannan yace ƙashin wuya ne ya karye kuma laka ta taɓu. Wannan shirun har yau yana kunnena. Yaron yana gida yanzu a keken guragu. Na san ƙaddara ta riga fata, kuma likitan bai ce mu muka jawo ba, mai yiwuwa tun faɗuwar abin ya riga ya faru, amma ni na ga ƙafar nan tana motsi kafin mu taɓa shi, kuma ban sake ganin ta motsa ba.

Na yi wata biyu abin na cina, ko abinci bana jin daɗinsa. Ranar wata Juma'a bayan an idar na tari shugaban 'yan agajin masallacinmu, dattijo ne mai kaki da bel, shekara da shekaru ina ganinsu suna gyara sahu suna tare hanya ban taɓa tunanin aikinsu ya wuce nan ba. Nace Baba ina so a koya min abinda ake yi idan mutum ya faɗi. Yace ai ka zo a daidai, akwai wata nas da ta yi ritaya da suke magana da ita zata riƙa zuwa tana koyarwa, matsalar mutane ne basa fitowa, kowa yace kasuwa. Ya rubuta sunana a littafi, muka yi karo-karo na kuɗin motarta da na kayan aiki, aka sa Lahadi bayan la'asar, sati huɗu a jere, a ajin islamiyya da ke bayan masallaci. Mu ashirin da biyu muka fara, goma sha huɗu muka gama.

Matar Bayarbiya ce amma ta yi aiki a Zariya tun tana budurwa, Hausarta ras, Mama muke ce mata. Ranar farko na zata zata fara da bandeji da allura, sai ta fara da cewa kowa ya fito da wayarsa, tace waye ya san lambar da ake kira in anyi hatsari a Legas? Mutum uku ne suka ɗaga hannu cikin mu ashirin da biyu, kuma bana cikinsu, shekara tara ina garin a lokacin. 112 da 767, kyauta ne ko babu kati a waya. Tace gwamnatin jihar tana da motocin ɗaukar marasa lafiya tun 2001, LASAMBUS ake ce musu, sannan ga LASEMA masu kula da manyan abubuwa irin rushewar gini da gobara da ambaliya. Sai da kowa yayi sabin a wayarsa ta bi ta duba ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan firamare.

Daga nan aka shiga koyon kiran kansa, ashe shima aiki ne. Ita ke zama mai ɗaukar waya, kai kuma ka kira. Yawancin yaranmu babu Turanci babu Yarbanci sai ɗan buroka, ga ruɗewa, sai kaji mutum na ta maimaita hatsari hatsari ku zo, ina ne? Mile 12. Mile 12 ɗin ina? Tace abu huɗu zaka faɗa kuma a jere: inda kake da alamar da kowa ya sani kamar tashar bas ko gada ko gidan mai, da wane hannu ne na titi, na masu zuwa Ikorodu ko na masu komawa Ojota, sannan me ya faru, mutum nawa, suna numfashi ko basa yi. Kar ka kashe waya sai sun ce ka kashe, kuma ka tura mutum ɗaya ya tsaya bakin babban titi ya tare motar ya shigo da ita, don lungunan unguwarmu ta Agiliti ko ɗan unguwa yana ɓata. Abin da ya fi burge ni shine da tace kar ka taɓa cewa jama'a a kira mota, in kace haka babu mai kira kowa zai zaci wani ya kira, nuna mutum ɗaya da yatsa kace kai mai jar hula kira 112 ka dawo ka gaya min.

Sati na biyu ta zo da mutum-mutumi na roba rabin jiki a cikin jakar gana-masgo. Kafin ta fitar da shi sai da ta kafa mana doka, ka fara duba kanka, akwai mota mai tahowa? akwai wayar wuta a ƙasa? akwai warin fetur ko gas? In ka zama na biyu a kwance baka taimaki kowa ba. Nan ne wani ya kawo zancen masu rugawa kwasar mai in tanka ta faɗi, tace in kun ga tanka a kwance ku yi nesa ku kori yara, ta tuna mana gobarar tankar gadar Otedola ta 2018 da motoci suka ƙone a jere. Sannan aka zo kan danna ƙirji. Ka dafa kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi, in bai amsa ba ka kalli ƙirjinsa daƙiƙa goma, in baya numfashi ko yana wani irin jan numfashi na gargara jefi-jefi, to zuciya ce ta tsaya. Tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kai, gwiwar hannu a miƙe, ka danna ya shiga kamar santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, in ka iya bayan kowane 30 ka hura masa iska sau 2, in ba zaka iya sa baki ba ka cigaba da dannawa kawai kar ka tsaya. A baki kamar wasa. Ni da nake ɗaga kwandon tumatur kullum, minti biyu na yi gumi ya jiƙa min riga hannuna na rawa, tana tsaye kaina tana tafi tana ƙirga tana cewa Malam ƙara ƙarfi, shafa shi kake yi. Wani yace Mama in haƙarƙari ya karye fa? Tace haƙarƙari yana warkewa, ƙwaƙwalwar da ta rasa iska minti biyar shida ita ce bata dawowa daidai, kuma a gosulon titin Ikorodu babu motar da zata iso ka cikin minti biyar ko da fiffike gareta.

A ranar aka yi wata muhawara mai zafi, wani cikinmu yace to in mace ce ta faɗi fa, namiji zai sa hannu a ƙirjinta? Mama tace wannan ku tambayi malaminku. Aka kira liman ya shigo ya zauna ya ga yadda ake yi, yace wannan larura ce, ceton rai yana gaba, in akwai macen da ta iya ita ta yi, in babu kar a bar baiwar Allah ta mutu ana kallo, a dai suturta ta a kori 'yan kallo. Sai ya ƙara da cewa mafita ita ce matanku su koya. Daga nan aka buɗe wa mata nasu ajin ranar Asabar da hantsi, maman yarana ta shiga, kuma gaskiya ta fi ni riƙe abubuwa.

Sati na uku shine na tonon silili, duk abinda muka gada muna yi sai da aka kwance shi. Ƙuna: mu mun saba da fasa ƙwai, ko makilin, ko manja, wasu har bakin mai na inji. Tace babu ko ɗaya, ruwa mai sanyi kawai ka yi ta kwarara minti 20 cur, ba ƙanƙara ba, ka cire zobe ko awarwaro kafin wajen ya kumbura, kar ka ɓanɓare rigar da ta manne, ka rufe da leda mai tsabta a tafi asibiti, in babba ce akwai sashen ƙuna a babban asibitin Gbagada. Zubar jini: ba ƙasa, ba garin gawayi, ba fetur, tsumma mai tsabta ka danne da ƙarfi kar ka dinga ɗagawa kana leƙe, in ya jiƙe ka ɗora wani a kai, in wani ƙarfe ko kwalba ya nutse a ciki kar ka zare. Farfaɗiya kuwa sai da aka kusa awa guda a kanta, don da yawanmu mun taso da cewa in miyau ya taɓa ka ka ɗauka, shi yasa ake watsewa a bar mutum yana buga kai da ƙasa, wasu kuma su cusa masa cokali. Tace bata yaɗuwa ko kaɗan, kar a sa masa komai a baki kar a danne shi, a kawar da abinda zai ji masa ciwo a sa tsumma ƙarƙashin kansa, in ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe, in ta wuce minti 5 a kira mota. Wanda ya suma kuma ba a ɗura masa ruwa ko madara, huhu zai tafi.

Sai aka zo kan wanda ya faɗo daga sama ko mota ta buge. Ta kwantar da wani yaro a tabarma tace wa zai fito, ban san lokacin da na miƙe ba. Tace durƙusa ta saman kansa, ka kafa gwiwar hannunka a ƙasa, tafukanka biyu a gefen kansa kar ka toshe masa kunne, ka riƙe kan a yadda ka same shi, kar ka gyara kar ka ja, ka dinga masa magana kana ce masa kar ya motsa. Shikenan aikinka. Ba a ɗaga shi sai in wuta ko ruwa ko mota zata same shi a wajen, ko numfashi ya tsaya dole a danna ƙirji. In zai yi amai, mutum uku ko huɗu su juya shi gaba ɗaya lokaci guda kamar gungumen icce, mai riƙe da kai shi ke bada umarni. In dole sai kun ɗauke shi da kanku to a kan abu mai tauri, ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, kuma a motar da zai kwanta a miƙe. Ina durƙushe riƙe da kan yaron nan hawaye suka zubo min a gaban mutane, katako nawa ne a jibge gefen tirelar nan ranar, ko taku biyar babu. Mama bata tambaye ni komai ba, ta dafa kafaɗata tace riƙe da kyau Malam, haka ake yi.

Satin ƙarshe ta gayyato wani ƙaninta a aiki da ke bin motar asibiti, ya zo da motar ya buɗe mana muka ga ciki, gadon turawa, tukunyar oksijin, abin tallafe wuya, allon da ake ɗaure mutum a kai, na'urar da ke bugun zuciya da lantarki. Ya bamu labarin aikinsu, gaskiya na tausaya musu. Yace babban abokin gabarsu gosulo ne da direbobin da ke jin jiniya suƙi matsawa, wasu ma bin bayansu suke a guje don su samu hanya. Ga masu kiran wasa suna tare layi. Ga taron 'yan kallo kowa ya ɗaga waya yana bidiyo babu mai sunkuyawa. Yace sau tari in sun isa an riga an cusa mutum a danfo an tafi, ko kuma su tarar an yi ta jijjiga shi. Shi ya gaya mana akwai cibiyar masu hatsari ta jiha a wajen tsohon Toll Gate, nan kusa da mu in an wuce Ojota, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta 2017 kuma tace wanda aka harba a fara yi masa magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Da na san da wannan doka, ranar da muke tsaye muna fama da tiransifa da na buɗe baki. Aka yi mana gwaji ɗaya bayan ɗaya, aka bamu 'yar takardar shaida, tawa tana cikin leda a rumfa.

Ɓangaren gida kuma maman yara ce ta ja ragamarsa. Mu a Agiliti muke haya, ɗaki biyu a gidan da ya haɗa Hausawa da Yarbawa da Inyamurai, kuma duk wanda ya san wajen ya san ruwa. Ba sai an yi sama a kanmu ba, in aka saki ruwan dam ɗin Oyan da ke wajen Abeokuta, yawanci Satumba zuwa Oktoba, kogin Ogun ya cika, sai ka wayi gari ruwa ya shigo ta kwata a hankali kamar ɓarawo, mu da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu da Isheri duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Waɗanda suka riga ni zuwa suna bada labarin na 2010 da sai da aka kwashe mutane zuwa sansani a Agbowa. Amma duk da haka kowace shekara sai ruwa ya zo muke fara neman ina katin asibitin yara yake.

Tace Malam jaka zamu haɗa. Muka sayi jakar goyo irin ta 'yan makaranta. Takardun haihuwar yara, takardar NIN, katin zaɓe, rasit ɗin haya, katin rigakafi, duk muka yi hotokofi, na ainihin muka naɗe a leda biyu muka ƙulle, na kuma ɗauke su a waya na tura wa ƙanina a gida. Tocila da batir, fawa banki da ake cajawa duk Juma'a, ashana a cikin robar magani, safar hannu ta roba, bandeji, filasta, almakashi, farasitamol, maganin hawan jinin surukata na sati biyu tunda tana wajenmu, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In ya ƙare ma an koya mana haɗawa, fiya wata leda biyu shine lita ɗaya, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin na gishiri, wannan ya mana rana lokacin kwalarar da aka yi a Legas a 2024. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kayan sawa ɗai-ɗai. Sai tsabar kuɗi ƙananan takardu da na rantse ba zan taɓa ba ko kasuwa ta yi yaya, don na ga ranar da kuɗi ke cikin banki amma basu da amfani. Sai wata takarda da muka rubuta lambobin waya da biro, saboda in waya ta faɗa ruwa lamba nawa ka haddace? Jakar tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, shatinsa na nan a bango.

Maganar inda za a haɗu in an rabu, maigidana ne ya sa na ɗauke ta da gaske. Yana Legas ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 da rumbun makamai na barikin Ikeja ya fashe, yace mafi yawan mutum sama da dubu da suka rasu ba bam ne ya kashe su ba, gudu ne, mutane suka yi ta rugawa ba su san inda suka nufa ba har suka afka cikin ruwan Oke-Afa da ciyawa ta rufe samansa, galibi mata da yara, wasu iyayen kuma sun yi kwanaki suna neman 'ya'yansu. Saboda haka muka zaunar da yaranmu uku, in wani abu ya faru bama tare, masallacin Juma'a za a je a zauna, in ba a iya kaiwa can ba to rumfar Alhaji a kasuwa. Babbar ta haddace lambata da ta mamanta, na tsakiyan ma ya kusa, ƙaramin muka rubuta masa a cikin jakar makaranta.

Wanda ya fi wuya shine taron gidan haya. Na samu Baba mai gidan na durƙusa na gaishe shi nace ina da magana, ya tara mutane wata Asabar bayan shara. Na kawo zancen janareta da ake kunnawa a lungun tsakanin ɗakuna a rufe ƙofar waje saboda ɓarayi, nace iskar da ke kashewa a hayaƙin nan bata da wari, barci kawai mutum zai yi ya wuce, iyali guda ake rasawa a dare ɗaya. Wani maƙwabci ya taso min, wai in an sace nasa ni zan biya? Aka yi ta ja har Baba ya yanke cewa a yi keji na ƙarfe a bayan gida kowa ya kawo nasa kason. Wata uku ana jan ƙafa amma an yi. Muka sayi tukunyar kashe gobara ɗaya aka rataye a zaure, bokitin yashi biyu, aka nuna wa kowa har mata inda ake kashe wutar gidan gaba ɗaya don in ruwa ya shigo shine abu na farko, makullin get kuma aka yi uku maimakon ɗaya da ke kwana a aljihun mutum ɗaya. Tagar ɗakinmu na sa mai walda ya yanka ƙarfen ya mayar da shi mai buɗewa da kwaɗo, makullin na rataye a gefe inda yara zasu kai.

Ranar da abin ya zo min kuwa ban shirya mata ba. Bayan magariba ne ana yayyafi, mun taso kasuwa ni da wani abokina da muka yi ajin tare, muna tafe wajen tashar Kosofe sai muka ji ƙara, wata mota ta kwashi wani mutum mai tsallaka titi ta yar gefe. Kafin mu isa an kewaye shi, samari biyu har sun kama hannayensa. Ban san ina da irin wannan muryar ba, na daka tsawa da Hausa da buroka duk a haɗe nace kar ku ɗaga shi, na kutsa na zube a gwiwa cikin ruwan titi na kama kansa. Dattijo ne Bayarabe, idonsa biyu, yana nishi, ƙaurinsa na zubar da jini. Abokina ya zaro safar hannu daga aljihu ya cire rawaninsa ya danne wajen. Na nuna wata mata mai lema nace Madam ke kira 112, tace me zata ce, na faɗa mata tana maimaitawa, tashar Kosofe, hannun masu zuwa Ikorodu, mutum ɗaya, yana numfashi. Na sa wani kwandasta ya tsaya da reshen bishiya yana kautar da motoci.

Mutane suka yi ta zagina, wani na cewa aboki zai bar mutum ya mutu a titi, wani ya kawo keke har gabanmu, wani ya zo da ruwa zai ba shi nace a'a. Sai wata tsohuwa mai sayar da gasasshiyar masara ta tsaya a kaina ta yi musu faɗa da Yarbanci, ban ji duka ba amma naga sun ja baya. Ni dai ina ta ce masa Baba sannu, Baba kar ka motsa, ga mota nan, shi kuma yana kiran sunan Allah. Gwiwoyina suka mutu, ruwa na bin bayana, hannuna ya ƙage amma ban saki ba. Wajen minti ashirin da biyar muka ji jiniya daga ta Ketu tana kusantowa a hankali cikin gosulo. Ma'aikaciyar da ta fara saukowa ta kalli yadda na riƙe shi tace kar in saki sai ta ce, ta zura masa abin wuya, suka kawo allo muka juya shi tare da ƙirge, suka ɗaure. Da suna tura gadon cikin mota ban kalli fuskarsa ba, ƙafarsa na kalla, takalmi ɗaya ya fita, yatsun suna motsi.

Na wanke hannu da fiya wata uku a bakin titi, abokina ya bar musu rawaninsa. Da na isa gida maman yara ta ga wandona ta tsorata nace ba jinina bane, ta ɗora min ruwan zafi, ta ciro wata safar hannun daga jaka ta sa min a aljihun rigar gobe. Bayan isha na kira yaron nan na gida, dama duk sati muna waya, ƙaninsa ya kanga masa a kunne. Yace kawu ya Legas, nawa kwando ya kai yau? Na gaya masa, yace kai, ashe bana manoma zasu dara.